Takalman Goggo Suna Kallon Ƙofa

Daga Allah muke, kuma gare shi kowa zai koma, da mai sauri da mai jan ƙafa. Goggo, yayar mahaifina, ta koma ranar wata Laraba a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Njamena yake hana ko akuya barin inuwa. Kafin la'asar gidanmu na unguwar Mardjandafak ya cika ya batse. Aka kwaso tabarmin maƙwabta, maza suka tare lungun gaba ɗaya, har masu taksi suka haƙura suka riƙa zagayawa ta Bololo.

Ban san yawan mutanen da suka san ƙofarmu ba sai ranar. Ga matan manyan 'yan kasuwa da ƙamshin turarensu, ga masu shayi 'yan Damagaram da suka rufe teburansu suka taho, ga abokan aikinta na asibiti suna yi mana gaisuwa da Larabci da Faransanci. Wata tsohuwa daga Gardolé, wadda jikokinta suka riƙo gefe da gefe, ta tsaya a tsakar gida ta daɗe tana kallon ɗakin Goggo, sannan ta ce, to yanzu wa zai riƙa gaya mana? Ba ta ƙarasa maganar ba, ba kuma wanda ya tambaye ta me take nufi, don kowa ya gane.

Yabo ɗaya ne a bakin kowa, kamar sun haɗa baki a hanya. Baiwar Allah ce, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Mai kuɗi ya faɗa, talaka ya faɗa, liman ya maimaita a cikin addu'a. Na yi ta jin wannan magana har ta ishe ni. Gaskiya ce kuwa, ni shaida ce. Shi ya sa na zauna rubutun nan, ni mai sayar da atamfa da ba ta saba da alƙalami ba. In ba a rubuta ba, yabon nan kaɗai zai rage daga Goggo, ni kuwa tsoronsa nake ji.

Dalilin tsoron nawa tana zaune a tsakiyar mata, idonta a bushe, tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Ita na fara haifa. Da aka yaye ta aka kai wa Goggo, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta tashi a ɗakinta tana kiranta Inna, ni kuma tana kirana Yaya. A gidajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta sa baki a maganarsa a gaban mutane. In zan ambace ta sai in ce 'yar Goggo, kuma a kan haka ba a taɓa kama ni da laifi ba. Ta karanci aikin jinya, tana aiki a asibitin da Goggo ta tsufa a cikinsa. Duk wadda ta zo gaisuwa sai ta dafa kanta ta ce, alhamdu lillahi, Goggo ba ta mutu ba tunda ga magajiya. Kowane dafa kai sai na ji shi a ƙirjina, amma bakina a rufe.

Bari in faɗi abin da ake so ta gada.

Kakanninmu sun taso daga yamma da niyyar zuwa Makka a ƙasa. Guzuri ya ƙare a bakin kogin Shari, suka ce bari a huta damina ɗaya. Daminar ce ba ta ƙare ba har yau. Shi ya sa Goggo take cewa, mu ma baƙi ne, daɗewa kawai muka yi. Da wannan magana take rufe bakin duk wanda ya yi ƙorafi a kan mutanen da ke cika mana zaure. Tana cikin 'yan matan unguwa na farko da aka sa lakwal, wato makarantar boko, ta fito da harshe uku: Hausar gida, Larabcin titi, da Faransancin asibiti. Bahaushe baƙo ya tsallako kogi daga Kuseri da mara lafiya, likita ya yi bayani bai gane ko kalma ba, sai a ce a kira Goggo. In an rubuta masa magani, ita ce mai karantawa. In ba shi da masauki, zaurenmu ne. Ta tashi daga aikin gwamnati ta dawo gida ta tarar da wani aikin yana jiranta a kan tabarma.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai nauyin ya shigo daga baya, kuma ba wanda ya naɗa ta a kansa. Mu ba ma jefa wa mutum labarin mutuwa kamar dutse. Akan tura mai hankali ya je gidan, ya zauna, ya nemi ruwa ya sha, ya tambayi lafiyar yara da ta kasuwa, sannan ya ce jiki ya yi tsanani, ku taso. Wanda aka gaya wa ya riga ya gane, amma an ba shi 'yar hanya da zai bi kafin ya isa. Tunda a asibiti yawancin mutanenmu suke cikawa, kuma Goggo ce a tsaye a wurin, wata rana aka roƙe ta ta kai labari wani gida. Ta kai yadda ya kamata, aka yaba. Daga ranar duk mutuwar da ta taso daga asibiti zuwa gidan Bahaushe, ta bakinta take shiga.

Tana da wasu takalma baƙaƙe na roba masu rufe yatsu. In sun mutu ta sayi irinsu. Kowa in zai shiga ɗaki takalminsa yana kallon ciki, ita kuwa sai ta juya ta cire nata suna kallon ƙofar gida, yadda in ta fito ƙafa kawai za ta zura. Ina yarinya nakan tsokane ta in ce wannan ai shirin ɓarawo ne. Sai ta kai mini duka da mafici tana dariya ta ce mai sallama ba ya jira.

Ina so a san cewa tana da dariya a lokacin, don waɗanda suka san ta a ƙarshe ba za su yarda ba. Tana son ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono, har haƙoranta su mutu ta rasa yadda za ta ci tuwo. Ba ta taɓa cin miyar mahaifiyata ba tare da ta ce an yi rowar daddawa ba, kuma ba ta taɓa rage ko loma ba. Tana kwaikwayon tafiyar likitoci, wannan mai tafiya kamar agwagwa, wancan mai magana ta hanci, mu yi ta birgima a ƙasa. Akwai wani tsoho baƙo da ya kwanta a asibiti ba shi da kowa, ya ƙi cin komai, sai ya ce shi kunun tsamiya irin na garinsu yake marmari. Goggo ta zagaya unguwa har ta samo matar da ta fito daga wajen, ta sa aka dama, ta kai masa da zafinsa. Ya sha, ya sa mata albarka, ya cika washegari. Ita ta nemo masu wanka, ita ta sayi likkafani.

Abin da ya fara rage mata dariya ya faru a Bololo. An yi haihuwa a gidan wata ƙawarta, Goggo ta ci ado ta ɗauki sabulu da turmin zane ta tafi barka. Tana yin sallama, uwar gidan ta ɗago ta gan ta, sai ta saki ƙwaryar da ke hannunta ta zube ƙasa tana kiran sunan ɗanta da ke kan hanyar tafiya. Da kyar aka shawo kanta cewa barka aka zo. Aka yi ta ba Goggo haƙuri, ita ma ta yi ta cewa ba komai. Amma tun daga ranar, in za ta shiga gidan mutane don zumunci, tun daga zaure take ɗaga murya ta ce lafiya ce, lafiya na zo. Daga baya ta rage zuwa biki, sannan ta daina. Ta lura cewa in ta shigo lungu mata suna leƙe ta katanga su ga ƙofar da za ta tsaya. Mutanen da suke sonta kamar rai, su ne ba sa son ganinta a bakin ƙofarsu.

Ƙaninta, Baffa, shi ma ma'aikacin jinya ne, asibiti ɗaya, wahala ɗaya, ƙarancin magani ɗaya. Amma hali ya raba su kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Baffa mafaɗaci ne, ana jin muryarsa tun daga bakin titi. In ya tashi aiki ya cire farar rigarsa, to ya gama, ko waye ya zo matarsa za ta ce yana barci, kuma barcin yake yi da gaske. Ranar Lahadi yakan ɗauki ƙugiya ya tafi bakin Shari ya wuni, ya dawo ba ko tarwaɗa ɗaya, yana cewa kifayen ma sun san darajar hutu. Unguwa ta yi masa shaidar taurin zuciya, wai boko ya cinye masa zumunci. Ni kuwa na taɓa ganinsa ranar da wani yaro ya mutu a hannunsa. Ya shigo gidanmu yana zagin kowa da komai, ya zauna a kan turmi ya yi kuka da majina kamar ƙaramin yaro, sannan ya ce a zubo masa abinci, ya ci ya ƙara. Washegari ya koma aiki da ƙarfinsa. Goggo ba ta zagi, ba ta kuka, ba ta ƙari. Ita aka kira mai taushin zuciya, shi aka kira dutse, kuma har yau ina juya wannan a raina.

Rigimarsu babba ta faru bayan rasuwar mijinta. A hannunta ya cika, a ɗakinsu. Ta rufe masa ido, ta fito ta zura takalmanta, ta tafi gidan 'yan'uwansa. Ta zauna, ta nemi ruwa, ta tambayi lafiyar yara, sannan ta ce jiki ya yi tsanani, ku taso. Mijinta na aure, da kalmomin da take kai wa baƙi. Har aka gama zaman makoki ba wanda ya ga hawayenta, mutane suka yi ta mamakin irin wannan tawakkali. Tana fita takaba ta koma aiki.

Ba a daɗe ba Baffa ya zo da tsakar rana ya tarar ta dawo daga asibiti, an ajiye mata abinci ba ta ko buɗe ba, ga wani mutum a zaure yana jira ta raka shi wurin likita. Baffa ya kori mutumin da faɗa, ya dawo ya tsaya a kanta.

“Yaya, rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Ke wa yake ba ki?”

Ta ce, “In na ce a'a, wurin wa za su je?”

Ya ce, “Ranar da kika mutu wurin wa za su je? To su fara zuwa wurinsa tun yau.”

Ta miƙe ta ɗauki mayafi. Shi kuma ya sunkuya ya kwashe takalman ya wurga su kan kwanon rufi. Goggo ta dubi rufin, ta dube shi, ta fita ƙafa ba takalmi a kan ƙasar da ko tsaye ba a iya yi a kanta, ta bi mutumin har ta cim masa a bakin titi. Da ta dawo tafin ƙafarta ya ɗuri ruwa. Unguwa duka ta goyi bayanta, labarin ya zama abin da ake ba yara don su koyi kirki. Ita da Baffa suka daɗe ba sa ga maciji, sai da wata sallah manya suka shiga tsakani.

Sau ɗaya tak ta buɗe mini cikinta. Na riga na yi aure, na zo wuni, muna tsintar shinkafa a faifai ɗaya. Ba tare da ta ɗago ba ta ce wai tana jin ta zama muguwa. Na yi dariya, don na zaci tsokana ce. Ta ce jiya wata mata ta faɗi tana birgima a gabanta saboda ɗanta, ita kuwa tana tsaye tana tunanin ko ta bar wake a wuta. Ta ce ta daina riƙe sunayen marasa lafiya, a ranta sai ta ce mai hanta, mai ƙoda, mai ƙafa. Ta ce abinci duk ɗanɗanonsa ɗaya, har mangwaron ma. Sannan ta ce:

“Ranar da maigidana ya rasu na nemi kukan nan, wallahi na neme shi. Kamar ki zura guga a rijiya ki ji ya bugi ƙasa.”

Na ce Allah ya ba da lada, abin da ake faɗa ke nan. Ta ce amin, muka ci gaba da tsinta. Can aka yi sallama a zaure, na ga ta zabura har shinkafa ta zube, amma bakinta ya riga ya ce maraba.

Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Goggo ta dafa dutsen kam, na gani da idona, amma romon wasu suka sha. Ba ina cewa haƙuri laifi ba ne, Allah ya kiyaye. Ina cewa mun ga mutum yana iya ɗaukar kaya, sai muka yi ta ƙara masa, kuma duk ƙarin da muka yi sai mu bi shi da yabo. Wanda aka yaba da cewa ba ya gajiya, da wane baki zai ce ya gaji? Da Goggo raguwa ce, ko mai tsiwa irin ƙaninta, da tuni an nemi wani an raba musu. Kirkinta ne ya toshe mata hanyar fita.

Da ta yi ritaya muka ce yanzu za ta huta. Asibiti ya sallame ta, unguwa ba ta sallame ta ba. Aka ci gaba da zuwa, ita kuma ta ci gaba da tashi, sai dai tafiyar ta zama ta wanda ake ja da igiya. Magana ta ragu. Takan zauna ta fuskanci bango tun hantsi har azahar. Daga nan sai ta fara jin sallamar da ba a yi ba. Rana tsaka, gida shiru, kowa ya kwanta saboda zafi, sai ka ga ta fito ta zura takalmi ta nufi zaure tana cewa ga ni nan zuwa. Ta leƙa ba kowa, ta dawo ta zauna, can an jima ta sake miƙewa. Wani lokaci takan tsaya a zauren ta yi ta magana ƙasa-ƙasa, tana tambayar lafiyar yara.

Dangi suka ce iska ce, ai wanda ya yi ta mu'amala da gawa dole wani abu ya bi shi. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi, aka ɗauko malami ya yi mata karatu. Ta sha duk abin da aka ba ta ba musu, kamar yadda ta saba. Baffa, wanda a lokacin ya tsufa amma bakinsa bai tsufa ba, ya zo ya tarar ɗakin ya turnuƙe da hayaƙi. Ya ce aljanun da ke kan yayarsa duk ya san su, suna da sunaye da gidaje, kuma yawancinsu sun ci tuwo a zauren nan. Aka ce tsufa ya fara taɓa shi.

'Yar Goggo ce ta yi mini bayanin da ya zauna a kaina. Ta ce a wurin aikinsu abin yana da suna, gajiya ce da barci ba ya maganinta, tana cinye tausayin mutum ta bar gangar jiki tana aiki. Ta ce ba ragwaye ta fi kamawa ba, ta fi kama masu ɗaukar komai a ka, waɗanda ba su iya cewa a'a ba. Ta yi bayanin tiryan-tiryan kamar mai karanta darasi. Tana cikin yi wayarta ta yi ƙara, wani ne daga tasha da mara lafiya, an ba shi lambarta. Ranar hutunta ce. Ta ce ga ta nan zuwa.

Ranar Larabar, a bakin ƙofar ɗakinta aka sami Goggo, zaune a kan kujerar tsuguno, ta jingina da bango. Ta yafa mayafi, ƙafa ɗaya a cikin takalmi. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Ba wanda ya yi sallama a gidan a ranar, an tambayi kowa.

Ni ina kasuwa. Na ɗago na ga 'yar Goggo a bakin rumfata, ita da ba ta zuwa kasuwa. Ta gaishe ni, ta zauna a kan benci, ta ce Yaya ko da ruwa. Tun daga neman ruwan nan na gane, amma na miƙa mata. Ta sha, ta tambayi ciniki, ta tambayi ciwon gwiwata. Sannan ta ce jikin Inna ya yi tsanani, ki taso. Muryar ba tata ba ce. Na san muryar nan tun ina yarinya, kuma mai ita tana kwance a gida an rufe ta da zane. Na yi kukan Goggo a hanya, amma rabin kukan na yarinyar da ke tafe a gefena ne, wadda matar da ta goya ta ta mutu, ita kuma tana kula da kada mota ta buge ni.

Haka ta wuce kwanakin makoki. Ita ce tarbar baƙi, ita ce rabon abinci, ita ce mai rarrashin masu kuka, kuma ba ta fasa leƙa asibiti ba. Ranar sadakar bakwai, an gama addu'a ana rabon gumba, sai aka aiko daga wajen maza. Wani magidanci ɗan Gardolé ya cika a asibiti da safen nan, mahaifiyarsa ba ta sani ba, dattawa sun ce a tura 'yar Goggo. Ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. Wata babbar Hajiya, mutuniyar kirki da ba ta nufin kowa da sharri, ta miƙa hannu ta ɗauko takalman Goggo da ke nan bakin ƙofa inda aka bar su, ta ajiye a gaban yarinyar, ta ce ki sa, Allah ya sa albarka. Mata suka ce Allah ya taya ki riƙo. Na ga yarinyar ta zabura, irin zaburar Goggo ranar da shinkafa ta zube. Ta miƙe tsaye.

Ban shirya ba. Ina zaune can gefe inda uwar 'yar fari ya kamata ta zauna, sai na ji bakina ya buɗe.

“Ba za ta je ba. 'Yata ta gaji.”

Wasu suka rufe baki da mayafi. Na ji wata a bayana tana cewa yau mun ga ƙarshen zamani, uwa da bakinta. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, ban taɓa jin irinta ba, amma ban janye maganar ba. Yarinyar ta juyo ta dube ni. Tun da na haife ta ba ta taɓa jin kalmar nan daga bakina ba. Ta buɗe baki kamar za ta ce ba komai, za ta iya, sai maganar ta ƙi fita. Ta koma ta zauna daɓas a kan tabarma, kuka ya zo mata, irin mai fitowa tun daga ciki. Aka taso za a ba ta haƙuri, na ce a ƙyale ta. Tunda na riga na zubar da kunyar, ƙarin kaɗan ba zai kashe ni ba.

Baffa ne ya leƙo daga zaure yana dogara sanda, ashe ya ji komai. Ya ce shi zai je Gardolé, in ya so gobe liman ya je, jibi mai unguwa, mutuwa ta kowa ce, a raba ta. Ya sunkuya da kyar ya ɗauki takalman yayarsa ya saƙale a hammata. Wannan karon bai wurga su ko'ina ba. Ya tsaya yana kallonsu, sannan ya fita yana mita a kan tsadar taksi. An ce ya kai labarin ba daɗi, ya manta bai nemi ruwa ba, kuma ya riga tsohuwar fashewa da kuka. An ce ita ta koma tana ba shi haƙuri.

Ba zan ce unguwa ta canza ba. Har yanzu ana sallama a zauren nan, har yanzu wayar tana ƙara, kuma akwai matan da suka rage gaishe ni. 'Yar Goggo tana nan a ɗakin Goggo. Gidan mijina bayan lungun yake, don haka kullum kafin in wuce kasuwa nakan biya. Fararen takalmanta na aiki suna bakin ƙofa, kuma kullum suna kallon waje. Ba ta san tana yi ba, na tabbata. Nakan sunkuya in juya su su kalli ɗaki, in wuce. Washegari in tarar sun koma.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata, ya yafe mana abin da muka ɗora mata muna sa mata albarka. Ya sa inda ta je ta cire takalmi ta shiga, ta kwanta, ba mai sallama a ƙofa. Ni kuwa gobe da safe zan biya ta gidan, in Allah ya kai mu, don gwiwata har yanzu tana iya sunkuyawa.